Injin yankan katakon da Baba ya bari: a gyara ko a kai wa 'yan gwangwan?

Auta Gangare:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Iyayena da yayyena, shawara nake nema. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, opareta ne, ya yi shekaru yana yankan katako tun daga dazukan kudancin Filato har cikin Nasarawa. Satin da ya wuce muna gyaran ɗakin ajiyarsa sai muka tarar da tsohon injinsa a bayan buhunan gawayi, an naɗe shi da bargo. Rabonsa da tashi ya fi shekara goma. Ɗan farantin da ke ɗauke da sunan injin ya fita, ramukan ƙusa biyu kawai suka rage. Fenti ya koɗe, amma murfin sama ruwan lemo ne, jikin kuma fari mai toka-toka. Nauyi kam sai da hannu biyu. Yayana ya ce a kai wa 'yan gwangwan su auna a kilo, ni kuma zuciyata ta ƙi. Don Allah wane irin inji ne wannan, kuma zai tashi? Na sa hotunansa.

Baba Mai Zarto:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ɗana, kada ka kuskura a auna wannan injin a kilo. Daga hoton farko na gane shi. Na kamfanin Stihl ne, samfurin 070. Da irinsa muka ci abinci, muka yi aure, muka gina gida. Kuma in ban yi kuskure ba na san mai shi, mun sha haɗuwa da shi a Kasuwar Katako lokacin da ake sauke lodi. Gaya wa yayanka Baba ya ce a dakata.

Mai Kayan Gyara:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a hoto ba a raba 070 da 090. Jikinsu ɗaya ne. Na sha ganin mutum ya zo shagona ya rantse 070 ne da shi, in ba shi fistin ya tafi, gobe ya dawo ya ce fistin yana rawa a cikin bulok, ashe 090 ne. Har ma dai yanzu akwai na China da aka kwaikwaya tun daga fenti har zuwa noti.

Baba Mai Zarto:
Na China bai zo ƙasar nan ba lokacin da aka sayi wannan. Dubi yadda hannun ya cinye inda tafi ke kamawa. Wannan cin na shekara talatin ne.

Injiniya na Dei-Dei:
Ku duka biyu kuna kan hanya. Ƙanena Auta, bari in nuna maka yadda za ka sa injin ya faɗi sunansa da kansa, tunda farantin ya ɓace. Ni a Abuja nake, ina tara irin waɗannan tsofaffin injuna ina gyarawa, yanzu akwai guda tara a garejina, huɗu suna tashi.

Samu kananzir da tsohon buroshin haƙori ka wanke cikin murfin sama, da cikin murfin igiyar tayarwa, da murfin da ke rufe kuloci. Za ka ga lambobi da aka zuba tare da ƙarfen. Lambar kayan Stihl alƙaluma 11 gare ta, kuma huɗun farko su ne sunan dangi. In ka ga 1106, to dangin 070 da 090 ne. In 1111 ne, dangin 051 da 076 ke nan. 1108 na 08S ne, 1119 na 038, wanda daga baya aka mayar MS 380, 1122 kuma na 066, wato MS 660. Wanda ya fara da 0000 kaya ne na gama-gari da injuna da yawa ke amfani da shi, don haka ba zai gaya maka komai ba.

In dangin ya tabbata 1106 ne, saura awo. Faɗin fistin 070 milimita 58 ne, na 090 kuwa 66. Tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa ɗaya ce a dukansu, milimita 40, shi ya sa jikin ya zama ɗaya, amma 070 cc 106 ne, 090 kuma cc 137. Tazarar milimita 8 ko da rula ta 'yan makaranta za ka gan ta.

Auta Gangare:
Na gode Yaya Injiniya. Na wanke, na ga 1106 a cikin murfin igiya. A jikin injin kuma akwai rubutu ƙanana da ke cewa an yi shi a Jamus ta Yamma. Amma awon fistin fa, sai na kwance bulok ɗin?

Oga Bakanike Dilimi:
A'a, kada ka fara da bulok. Kwance salansa kawai, noti ne kaɗan. Ta ramin da hayaƙi ke fita za ka ga gefen fistin da ringinsa. Juya injin a hankali da hannu har fistin ya sauka, ka zura tsinken tsintsiya mai ɗan kauri ta ramin har ya taɓa bangon can ciki, sannan ka ɗago fistin ya ɗan cije tsinken. Daga alamar cizon zuwa bakin tsinken, faɗin bulok ke nan. Kuma tunda ka buɗe, haska da tocilan ka gaya mana abin da ka gani a jikin fistin: sumul yake, ko akwai ƙarce daga sama zuwa ƙasa? Abin da ya kwantar da injin a nan yake rubuce.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka ja igiya da ƙarfi yanzu. Inji mai shekara goma a kwance, cikinsa a bushe yake. Cire fulogi ka ɗiga man 2T kamar cokalin shayi ɗaya ta ramin, ka bar shi ya kwana.

Injiniya na Dei-Dei:
Wannan rubutu na Jamus ta Yamma shaida ce mai kyau, don Jamus ta haɗe a 1990, ka ga injin ya girmi shekarar. Asalin gidan nasu Andreas Stihl ne ya kafa shi a Stuttgart a 1926, yanzu hedikwatarsu tana Waiblingen. Kakan wannan injin shi ne Contra na 1959, mai nauyin kilo 12 da ƙarfin doki 6, wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka ya yi aiki da shi, 070 kuma ya gaje shi a 1968. Ni Contra ɗin nake nema ido rufe. Duk wanda ya ji labarinsa a wani ƙauye, ko gawarsa ce, don Allah ya taɓa ni.

Maman Khalifa:
Salamu alaikum. Ni ba bakanikiya ba ce, itacen girki nake sayarwa a Rikkos, kuma ina ɗaukar opareta haya ya datsa min gungume. Auta, ƙanena, tambaya ɗaya zan yi maka: in ya tashi, kai za ka riƙa aiki da shi? Ka taɓa riƙe injin yanka? Ɗan yayata yana da tabo daga kafaɗa zuwa ƙirji, bakin biled, wato dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa, shi ne ya taɓa reshe injin ya yi tsalle ya dawo masa. Allah ne ya yi da sauran kwanansa. Irin wannan babban ne.

Malam na Gandun Daji:
Hajiya ta taɓo abin da ya kamata a faɗa tun farko. Na yi aikin gandun daji har na yi ritaya, a Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke nan Jos na yi karatu. 070 ba shi da birkin sarƙa. Injunan zamani suna da wani ƙarfe a gaban hannu, in inji ya yi tsalle sai bayan hannunka ya buge shi sarƙa ta tsaya nan take. Wannan ba shi da shi, sarƙa za ta ci gaba da gudu har sai ta gaji da kanta. Wurin da ke jawo tsallen shi ne rabin sama na hancin biled, kada ya taɓa komai. Ga jijjiga, wadda in an daɗe ana sha take kashe jijiyoyin yatsu. Baba Mai Zarto zai ba da shaida.

Baba Mai Zarto:
Gaskiya ne Malam. Da sanyin Disamba yatsuna uku na hannun hagu fari suke yi, ba na jin carbi a cikinsu. Kunnen dama kuma sai an ɗaga murya. Ba mu san abin toshe kunne ba a lokacin. Amma inji ne da ba ya cin amana in ka san shi. Ba gudu gare shi ba, ƙarfi gare shi. Ka sa shi a gindin maɗaci ko kirya, yana tafiya a hankali kamar sa a gona, ba ya tsayawa.

Auta Gangare:
Mama, ban taɓa riƙewa ba, ni ɗinki nake yi. Ba don in shiga daji nake so ya tashi ba. Da kuɗin wannan injin aka biya mana makaranta mu bakwai, ina so ya zauna a gidan da ransa. In ma za a yi aiki da shi, sai dai wanda ya iya.

Na kwance salansa kamar yadda Oga ya ce. Tsinke ya nuna 58. Amma fistin ɗin ya ƙarce sosai ta gefen salansa, kamar an ja shi a kan dutse, ringi ɗaya ma ya manne a cikin raminsa.

Baba Mai Zarto:
58. Na gaya muku.

Mai Kayan Gyara:
Baba ya ci gari. To Auta, abin ya zo da sauƙi. Nokin ya yi. Ina da bulok da fistin da ringi da fin, saiti guda a kwali, na China, kuɗinsa bai kai rabin rabin na asali ba. Ina da kafireta sabuwa, da kwayil na zamani wanda ba ya bukatar kwantak, wato 'yan ƙarafan nan masu buɗewa da rufewa su ba fulogi wuta. A rana ɗaya za a zuba masa su ya tashi. Tsofaffin ka zubar.

Oga Bakanike Dilimi:
Alhaji, a nan ne ba mu tare. Kada ya zubar da ko washa guda.

Auta, saurara da kyau. Bulok ɗin injin yanka ba irin na babur ba ne da ake kai wa a yi masa boring a sa fistin mai girma. Alminiyam ne da aka shafe cikinsa da wani siririn rufi mai tsananin tauri. In aka yi boring an kashe shi, don an kankare rufin. Kuma sau da yawa abin da kake gani kamar ƙarce a bangon bulok ba ƙarce ba ne, naman fistin ne da ya narke ya manne a kai. Fistin ya fi laushi, shi ke mutuwa, bulok ya tsira. Ina zama da samfefa mai laushi da ɗan mai in bi shi a hankali har alminiyam ɗin ya fita. In na gama na ja farce ban ji ya maƙale ba, kuma rufin bai ɓare ba, wannan tsohon bulok ya fi sabon na kwali sau nawa. Duba gefensa, za ka iya ganin tambarin Mahle ko KS, kamfanonin Jamus da ke yi musu. Wanda yake da wannan a hannu ya jefar ya sa na kwali, ya yi asarar da ba zai gane ba sai bayan wata shida.

Mai Kayan Gyara:
Oga, kana magana kamar kowa yana da kuɗin kayan asali. Operetocin da ke zuwa wurina daga Mangu da Bokkos da Saminaka, mutum injinsa ya tsaya ranar Talata, ga mai katako ya ba shi kuɗin aiki, yana jira. Ka ce ya jira a nemo masa fistin na Jamus? Kayan China su suka riƙe sana'ar nan, in ba su ba da rabin injunan da ke daji sun daɗe a bola. Kuma suna da daraja-daraja, akwai mai kyau akwai na banza, ni na san wanda nake sayarwa.

Oga Bakanike Dilimi:
Ban ce haram ba ne, ni ma ina sa su kullum. Fistin na kwali mai kyau a cikin tsohon bulok na asali, wannan haɗin ina yinsa kuma yana daɗewa. Murfi, igiya, tiyon mai, matatar iska, duk a sa na China ba komai. Abin da ba na yarda da shi shi ne ƙananan zobban da ke riƙe fin ɗin fistin. Na kwali sukan yi laushi, in ɗaya ya fita yana cikin gudu ya gama da bulok da fistin gaba ɗaya. Kan abin da bai kai kuɗin kofin shayi ba. Su da boris da oyil sil, a nemi masu kyau.

Injiniya na Dei-Dei:
Ina bayan Oga a kan kafireta ma. Auta, duba jikinta, za ka ga an rubuta Tillotson, da haruffan HL da lamba a gefe. Wannan lambar ita za ka kai kasuwa, ba sunan injin ba. Kafiretar injin yanka ba ta da kwanon mai irin na babur ko janareta, wasu siraran fatu ne na roba a ciki suke harba mai, shi ya sa injin ke aiki ko a kwance ko a kife. In ya daɗe a ajiye fatun nan sukan bushe su yi tauri kamar ganda. Su kaɗai za a canja, da gasket da allura, ana sayar da su saiti. Gangar jikin ba ta tsufa. Ka ɗauki hoto a kowane mataki in ana kwancewa, don jerin fata da gasket in ya juye ba zai sha mai ba.

Malam na Gandun Daji:
Kuna ta maganar abin da za a saya, ba wanda ya tambayi abin da ya sa ya yi nokin. In ba a gano ba, sabon fistin ma haka zai bi. Ƙarce ta gefen salansa alamar zafi ce: ko mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa, ko an zuba fetur ba gauraye. Auta, ka san inda mahaifinka ya yi aikinsa na ƙarshe da shi?

Auta Gangare:
Na tambayi Inna. Ta ce wajen Lafiya ne. An yi masa sabis a nan Jos, ya tafi da shi, kwana biyu ya dawo da shi a buhu. Ta ce ya yi baƙin ciki sosai, daga nan ƙafarsa ta fara ciwo bai sake komawa daji ba.

Malam na Gandun Daji:
To ga zargina. Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku. Iskarmu ba ta kai ta ƙasa kauri ba. In bakanike ya saita kafireta a nan, zai ɗaure sukurun H, wato na babban gudu, ya rage mai har injin ya yi kuka mai daɗi, daidai da iskar Jos. Ka sauka da shi Lafiya ko Shendam, iska ta ƙaru, mai yana nan yadda aka rage shi. Injin zai ƙara kuka, opareta ya ji daɗi ya ce yau inji ya samu lafiya, alhali yana ƙonewa ne. Kuma a injin da ake gauraya masa mai, rage fetur rage man shafawa ne, tunda tare suke shiga. Wanda ya saita a ƙasa ya hau Jos ba ya shiga wannan hatsarin, sai dai hayaƙi da nauyin jiki. Mai sauka shi ke cikin haɗari. Duk wanda zai gangara, ya ɗan buɗe H kafin ya fara yanka.

Baba Mai Zarto:
Malam, Allah ya saka da alheri. Mu ba mu san lissafin tudu ba, amma mun san in ka wuce gangaren Akwanga sai ka ƙara wa inji mai. Kunne muke sa wa. In ba ya cikin itace ya riƙa ɗan gurnani yana ɓarɓar, in ya shiga itace muryar ta washe, to daidai yake. In yana ihu siriri tun bai taɓa itace ba, kashe shi. Sannan akwai gwamna, wani ɗan faifai kusa da fankar injin da iska ke turawa ya ja cok in gudu ya yi yawa. Yara suna cire shi wai inji ya ƙara wuta. Duba ko na mahaifinka yana nan.

Oga Bakanike Dilimi:
Maganar Malam tana kamawa, amma ba zan rufe injin ba sai na gwada oyil sil na karanshaf, hagu da dama. Roba ce, shekara goma ta isa ta tsage, ko da ba ita ta kashe shi a wancan lokacin ba. In tana shan iska ta nan, duk saitin da ka yi wa kafireta banza ne. Ana toshe bakin kafireta da na salansa, a hura iska kamar rabin bar a ma'aunin iska, a shafa ruwan sabulu a ga inda zai yi kumfa.

Wuta kuma, in mai kwantak ne, yana ƙarƙashin fanka. A goge bakinsa, a saita tazara milimita 0.4, fulogi kuma 0.5, Bosch WSR6F ko NGK BPMR7A. Sau da yawa kwandansa ce kawai ta mutu ake cewa kwayil ne. Kuma don Allah kada wani ya buga fanka da guduma wai zai cire ta, akwai abin jan ta.

Mai Kayan Gyara:
Na yarda da gwajin sil. Amma kwantak kam, Oga, wahala ce. Na zamani ka ɗaura ka manta.

Injiniya na Dei-Dei:
Ga mai shiga daji, haka ne Alhaji. Ga wanda zai ajiye na mahaifinsa, ni zan bar kwantak ɗin in yana ba da wuta. In ma an canja, a sa tsohon a leda a rubuta sunansa a ajiye. Na taɓa sayen 090 a hannun wani, bakaniken da ya taɓa shi kafin ni ya zubar da duk abin da ya cire, shekara biyu ina neman murfin matatar iska na asali.

Wani abu kuma, na ga kamar tsaga a hoto na uku, kusa da inda biled ke ɗaurewa. Kada ka kai wa mai walda ya ɗauka alminiyam ne. Jikin waɗannan injuna magniziyam ne. Kankare wuri kaɗan ka ɗiga ruwan binega: in ya yi kumfa magniziyam ne, alminiyam ba ya yi. Garinsa yana kama wuta fara fat, ruwa kuma ba ya kashe ta, sai yashi busasshe. Waldarsa sai wanda ya san shi kuma yake da sandar irinsa.

Auta Gangare:
Na duba, ba tsaga ba ce Yaya, busasshen mai ne da garin katako, ya fita da kananzir. Gwamnan da Baba ya faɗa kuma babu shi, sai ramin da yake zama. Sarƙar ta yi tsatsa ta daskare. Wace iri zan nema?

Baba Mai Zarto:
Ka ji ko. An cire gwamna, an rage mai, an gangara Lafiya. Allah ya jiƙan bawan Allah, ba laifinsa ba ne.

Sarƙa 404 ce. Magagarinta milimita 5.5. Kada a ba ka na 3/8.

Injiniya na Dei-Dei:
Yadda za ka tabbatar: auna tsawon ƙusoshi uku a jere na sarƙar, daga tsakiyar na farko zuwa tsakiyar na uku, ka raba biyu. In ya ba ka milimita 10 da ɗan ɗori, 404 ce. Sai kaurin haƙoran ƙasa masu gudu a cikin ramin biled: a sarƙar Stihl akwai lamba a jikinsu, 6 na nufin milimita 1.6, 5 na nufin 1.5, 3 kuma 1.3. Taka 6 za ka gani. Sannan ka ƙirga haƙoran ƙasan nan duka, da adadinsu ake yanka maka sabuwa, ba da tsawon biled ba. Sarƙa da sufuroket da biled dole bakinsu ya zo ɗaya. Kuma kada a ɗora sabuwar sarƙa a kan sufuroket da ya cinye, zai lalata ta cikin sati.

Irin haƙorin nan mai lanƙwasa, wani ma'aikacin daji ne a Amurka, Joseph Cox, ya ƙirƙiro shi bayan ya lura da yadda tsutsar ƙwaron itace ke cin gungume hagu da dama. Daga nan kamfanin sarƙar Oregon ya samo asali a 1947.

Maman Khalifa:
Tunda masana sun taru, ni ma in amfana. Operetan da ke min aiki baƙin man mota yake zubawa a tankin sarƙa, wanda aka juye daga inji. Itacen duk ya yi baƙi, masu saye suna ƙorafin wari in sun hura wuta. Dole ne sai shi?

Baba Mai Zarto:
Hajiya, da shi muka yi aiki shekara da shekaru, ba zan ɓoye ba. Arha ne. A cikin fetur ma man mota muke zubawa, sabo dai, gwangwanin madara ɗaya a galan.

Oga Bakanike Dilimi:
Baba, shi ya sa a lokacinku kowane wata sai an kwance salansa an kankare gawayi. Man mota ba a yi shi don ya ƙone ba, yana toshe ramin hayaƙi ya manne ringi. Yanzu 2T yana ko'ina. Mai kyau sosai, irin na kamfanin, 50 da 1 ne, wato mililita 100 a lita 5. In 2T na kasuwa ne wanda ba ka tabbatar da shi ba, 25 da 1, mililita 200 a lita 5. Ni a tsohon inji irin wannan na biyun nake bi. A gauraya a jarka a girgiza, ba a cikin tankin inji ba.

Hajiya, baƙin mai yana ɗauke da garin ƙarfe, yana cin famfon mai da ramin biled, kuma ba shi da kyau a fatar mutum balle a itacen da za a dafa abinci. In man sarƙa na asali ya yi tsada, ki saya masa sabon man inji mafi arha, ki cire a kuɗin aikin.

Malam na Gandun Daji:
Kafin a watse, roƙo ɗaya ga masu shiga daji a cikinmu. Injin nan da muke yabo shi ne ya cinye madobiya a Taraba da kudancin Filato lokacin da ake lodinta zuwa China, har aka sa ta cikin itatuwan da CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan kare dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Na ga kututture a inda na san inuwa. A nemi izinin hukumar gandun daji kafin a kayar, a bar ɗorawa da kaɗanya. Ga turare da malaina da aka shuka don yanka.

Auta Gangare:
Salamu alaikum, na dawo da labari bayan sati biyu. Na kai wa Oga a Dilimi. Bulok ya tsira, tambarin Mahle na jikinsa, rufin bai ɓare ba. Sil ɗin gefen kuloci ya yi kumfa, an canja duka biyun. Fistin da ringi da fatun kafireta a wurin Alhaji na saya, ya zaɓo min da hannunsa. Kwantak ya ba da wuta bayan an canja kwandansa. Jiya bayan la'asar ya tashi a ja na shida, ba a sa masa sarƙa ba. Yayana yana wurin, shi ya riƙe hannun. Tsofaffin kayan suna cikin leda kamar yadda Yaya Injiniya ya ce.

Saura abu biyu. Man sarƙa ba ya fitowa da kansa sai an danna famfon hannu, kuma ba mu samu gwamna ba.

Injiniya na Dei-Dei:
Alhamdu lillahi. Gwamna ina da guda a jikin wani 070 da karanshaf ɗinsa ya karye, da ɗan sifirin ɗinsa. Zan ba direban Jos ranar Juma'a, kyauta ne. Kada a ba shi wuta sosai kafin ya iso.

Baba Mai Zarto:
Famfon mai kada ku saya tukuna, yawanci baƙin mai ne ya daskare a hanyar. A wanke tankin da kananzir a busa tiyon. In an ɗaura gwamnan, ɗana, kawo shi Katako ranar Asabar da safe, ka tambayi rumfata kowa ya sani. Akwai gungumen turare a bayan rumfar. Ni zan wasa sarƙar, ni zan fara sa shi a itace, kai ka tsaya ta bayana ta hagu ka ga yadda ake riƙewa. Ka taho da abin toshe kunne guda biyu.